Ciwon Tsakanin Kafaɗu a Bakin Kaskon Mazarƙwaila

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya kwantar da ni mako bakwai kuma Ya tashe ni. Sunana Tanimu, mutumin Likoro, sana'ata dafa mazarƙwaila. Ban iya boko ba sai da furfura ta fara fito mini, a ajin manya da ake yi mana gindin tsamiya bayan la'asar, kuma tun da hannuna ya saba da fensir na ƙudurta wannan labarin zan fara rubutawa. Mutane sukan zo su ce, "Malam Tanimu, wane magani ka sha ciwon bayanka ya tafi?" Nakan faɗa musu rabin gaskiya in sallame su. Yau ɗaya rabin zan faɗa, ko Allah Ya sa mai irin halina ya ji.

Abin ya faru a shekarun yaƙin Turawa, lokacin da ake ɗibar samari soja, farin sukari kuma ya ɓace daga kantuna. Mu masu rake a lokacin muka ga gata. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana injin matse rake irin wanda doki ke juyawa, ni da ƙanena Yusha'u. Aikin ya rabu biyu. Yusha'u ke kula da doki da cusa rake a bakin injin, ni kuma ina bakin kasko, inda ake dafa ruwan raken har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Cusa rake duk mai ƙarfi zai iya. Kasko kuwa sai mai ido, don in ka sauke da wuri ta ƙi kamawa, in ka makara ta yi baƙi ta yi ɗaci. Rani biyu na yi ina yi wa wani tsoho hidima a Kudan kafin ya nuna mini yadda ake gane lokacin.

Ga abin da ba na faɗa. Ina kishin Yusha'u tun muna yara. Shi irin mutumin nan ne da komai ya taɓa sai ya yi kyau. In ya shuka dawa gefen tawa, tasa ta fi zangarniya. Dokin da ke neman harbina in na matso, shi da ya shafa masa wuya ya yi masa 'yar magana sai ya kwantar da kai. Innarmu in ta gan ni aiki take tambaya, in ta gan shi sai ta tambaya ko ya ci abinci. Abu ɗaya tak nake da shi wanda ba shi da shi: a kasuwar Makarfi in aka ce "ta Tanimun Likoro ce," dillalai ba sa ko ɓantara su ɗanɗana. Na san ranar da Yusha'u ya iya kasko sai ya fi ni, kuma daga ranar ba ni da sauran abin da za a kira ni da shi.

Ba dama in kafa zana tsakanina da ƙanena, gari zai ɗauka. Sai na yi zanar da jikina. Murhun kaskon na gina shi ƙasa-ƙasa. Ludayin kwashe kumfa da muciyar juyawa na rage musu tsawo, yadda dole sai na sunkuya na rufe kaskon. Akwai 'yar ƙwaryar ruwan sanyi da nake ɗiga dahuwar a ciki in murza da yatsa in ji ko ta yi, ita kuma tsakanin ƙafafuna nake ajiye ta. In lokacin gwaji ya zo sai in juya wa injin baya, in ɗaga kafaɗar dama, in karkace, in lanƙwasa wuya, yadda wanda ke wajen doki ba zai ga komai ba sai rigata. Haka nake yi tun hantsi har yamma, kasko bayan kasko, rani biyar.

Makon farko abin kamar wasa. Wani wuri ne tsakanin allon kafaɗata na dama da ƙashin baya, bai fi girman goro ba, yana zafi yana bari. Na ce gajiya ce. Kwana uku a haka, sai na wayi gari in zan sallame salla sai na juya da dukan jikina, wuya ya ƙi. In na ja dogon numfashi sai ya soke ni. Matata Ladi ta riƙa gasa mini wurin da tsumma da ruwan zafi, in ji daɗi kaɗan in koma kasko in sake karkacewa.

Ranar Talata ta mako na biyu na ɗaga ludayi cike da kumfa, hannun ya saki. Ban iya miƙewa ba, ban iya sunkuyawa ba, ina tsaye ina kallo kasko guda ya ƙone a gabana. Yusha'u ya tsayar da doki ya rugo ya riƙe ni.

Ya ce, "Yaya, zauna a inuwa. Ni in riƙe muciya, kai ka riƙa faɗa mini abin da zan yi."

Na ce, "Doki fa, shi zai kora kansa?"

"Mati zai riƙe mana doki." Mati wan matarsa ne, manomi, kuma ba ya aikin komai da rani.

Na ce, "Kasko ba wurin koyo ba ne."

Ya kai ni gida. Amma an riga an sare rake mai yawa an jibge, raken da aka sare kuwa kwana kaɗan yake fara tsami. Inna ce ta yanke maganar. Ta tsaya bakin ɗakina ta ce, "Tanimu, ba za mu zuba ido noman shekara ya lalace don kana kwance ba. Gobe Yusha'u zai hau kasko. Ka faɗa masa abin da ya kamata." Na ce to. Da ya shigo na ce masa ya kula da wuta, shi ke nan. Ban faɗi zancen ƙwarya ba, ban faɗi yadda kumfa ke canza kama ba, ban faɗi komai ba.

Wurin injin bayan gidanmu yake, bakin fadama, iska kuma takan kawo ƙamshin har ɗaka. Wallahi washegari na kwanta rub da ciki na buɗe hanci ina jiran ƙauri. Ina jin tafiyar doki, ina jin Yusha'u yana dariya da Mati, ina cewa a raina yanzu za ta ƙone. Har aka kira la'asar ƙauri bai zo ba. Abin da ya zo ƙamshi ne mai kyau, irin wanda na sani, kuma ya fi ciwon bayan ci mini rai.

Daga nan masu dubiya suka fara, kowa da sanadinsa. Wanzamin gidanmu ya ce mataccen jini ne ya taru, ya kafa mini ƙaho shida a jere, ya nuna mini baƙin jini a kasko, ya tafi da zakarana ja. Na samu sauƙin kwana ɗaya. Goggonmu ta taso tun daga Nasarawan Doya ta ce sanyin fadama ne ya shige ni, ta kawo saiwoyi aka dafa da kanwa. Allah Ya saka mata, tsohuwa ce kuma a ƙafa ta zo, amma maganinta kwana biyu ya yi yana kai ni makewayi, kuma kowace tafiya sai an ɗaga ni. A mako na uku aka ɗora ni a jaki zuwa Malikanchi wurin wani maɗori da ake yabo. Ya lalube ni ya ce haƙarƙari ne ya goce. Ya sa gwiwa a tsakiyar bayana ya ja kafaɗuna biyu, na ji duniya ta yi duhu. Na dawo gida ko tari ba na iyawa.

Wanda maganarsa ta zauna mini kuwa wani maƙwabcinmu ne da ba zan faɗi sunansa ba, don ya riga mu gidan gaskiya. Ya jira ɗaki ya watse, ya matso ya ce, "Malam Tanimu, ni dai a sanina ciwon da ya kama mutum ta baya, ta baya aka aiko shi. Wa ke tsayawa a bayanka kullum?" Bai ƙara ba, ban tambaya ba. Astagfirullah, na ji daɗin maganar, don ita nake so in ji. Daga ranar in an kawo tuwo daga sashen Yusha'u sai in ce na ƙoshi.

Shi kuwa kullum bayan la'asar sai ya shigo, jikinsa na ƙamshin mazarƙwaila, rigarsa duk danƙo. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi jiki, ya tambayi kwana, sa'an nan ya lakaci man kaɗanya ya fara murza mini baya. Ladi takan yi ta lalube ba ta sami wurin ba. Shi babban yatsansa kai tsaye yake sauka a kan ƙullin. Ina jin sauƙi yana ratsa ni, a raina kuma ina cewa, wato har wannan ma ya iya. Shi ke ɗaga ni, shi ke zuba mini ruwan alwala, shi ya ɗaure igiya a jikin azara don in riƙa kamawa in tashi. Kowace rana yakan ajiye curin mazarƙwaila ɗaya gefen tabarmata ya ce, "Yaya, ɗanɗana ka ji ko akwai gyara." Sai in ce magani ya ɗaure mini baki. In ya fita in tura wa Ladi.

Wata rana na kasa haƙuri na ce mata, "Yaya kika ji ta?"

Ta ce, "Ba laifi, Malam." Amma ba ta dube ni ba, ta shiga gyara bakin tabarma da ba abin da ya same shi.

A mako na biyar yatsuna biyu na hannun dama suka fara tsiyaya kamar tururuwa na bi. Da Yusha'u ya ji, bai shawarci kowa ba, ya kai ragon da yake kiwo don layya kasuwa, ya dawo ya ce gobe sai Zariya. Na ce rake fa? Ya ce ya hana a sare sabo, injin zai huta. Na ce ba na son maganin Nasara. Ya ce, "Yaya, in ka ƙi hawa jaki goya ka zan yi, ka san kuma zan iya." Na san zai iya.

Wanda bai taɓa zuwa asibiti ba ya shirya haƙuri. Mun isa hantsi muka tarar da mutane zaune a ƙasa gindin mangwaro, masu gyambo, masu tari, mata da goyo, layi ya zagaya har bayan gini. Ranar farko kati kawai muka samu. Rana ta biyu muna dab da ƙofa aka ce likita ya tashi. Muka koma gidan wani ɗan garinmu da ya ba mu zaure, Allah Ya yi masa albarka, shi da matarsa da ta riƙa aiko mana da koko. Zaman layin ya fi mini hawan jaki wuya, don ba abin jingina. Sai Yusha'u ya zauna ya ba ni baya na jingina da shi. Haka muka yini, yana hira da na kusa da shi, kafin azahar duk 'yan layin sun san sunansa, har wata tsohuwa ta ba shi gyaɗa. Ni ko sannu biyu ban samu ba, ni mai ciwon.

Rana ta uku muka shiga. Likitan Bature ne siriri, da wani malamin asibiti mutumin kudancin Zazzau yana yi mana tafinta. Tambayoyi ya fara jerowa. Ina tari? Na taɓa ganin jini a kaki? Ina jiƙewa da zufa in na kwanta? Na rame? Na faɗo daga bisa, ko doki ya harbe ni? In na yi sauri ƙirjina yana ɗaurewa? Duk na ce a'a. Ya ɗora mini abin sauraronsa mai sanyi gaba da baya, ya ƙwanƙwasa, ya bi ƙashin bayana da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Tafinta ya ce, "Likita ya ce waɗannan su ne yake tsoro, don ciwon huhu da na zuciya sukan fito ta baya su ruɗi mutum. Kai ƙirjinka lafiya, ƙashinka lafiya, haƙarƙarinka bai je ko'ina ba. Nama ne ya ɗaure, ya matse jijiya."

Da likita ya ga tabon ƙaho sai ya girgiza kai. Sa'an nan ya tambayi sana'ata. Aka faɗa masa. Sai ya miƙo mini wata 'yar sanda ya nuna bokiti a ƙasa, ya ce in gwada masa yadda nake aiki.

Yusha'u na tsaye bakin ƙofa da hularsa a hannu. Na so in tsaya daidai kamar kowa, amma jiki ya riga ya saba. Ina kama sandar na ga na juya wa ƙofa baya, kafaɗa ta ɗagu, wuya ya lanƙwashe, ciwon ya soke ni daidai wurinsa har na yi ƙara. Likita ya ɗora yatsa a kan wurin ya yi magana. Tafinta ya ce, "Ya ce ba ranar da ka kwanta ka kamu ba, shekaru ka yi kana tara shi. Ya ce kuma ya ga masu dafa abu da yawa, bai taɓa ganin mai karkacewa haka ba. Me ya sa? Hayaƙi kake gudu?"

Sai na ji muryar Yusha'u daga baya ya ce, "Hayaƙi ne, ranka ya daɗe. Murhunmu yana hayaƙi ƙwarai."

Murhunmu ba ya hayaƙi ta wajena. Akwai ramin da ke fitar da shi ta ɗaya gefen, kuma Yusha'u ne ya haƙa ramin da hannunsa. A nan na gane ya sani, kuma ba yau ya sani ba.

Aka ba ni man shafawa mai yaji da wari, da fararen ƙwayoyi, aka nuna mini yadda zan riƙa wurwura hannu da miƙe ƙirji safe da yamma. Likita ya ce a ɗaga murhu ya kai ƙugu, a yi muciya mai tsawo, in riƙa canza hannu, kuma kada mutum ɗaya ya yini a bakin kasko. Tafinta ya ƙara nasa ya ce, "Ga ƙanenka nan ƙato, ku riƙa karɓa-karɓa mana."

A hanyar dawowa mun yi nisa. Yusha'u yana gaba yana jan jaki. Da muka wuce wani rafi na ce, "Yusha'u, wa ya nuna maka kasko?"

Ya ce, "Ba kowa, Yaya."

"Kada ka yi mini ƙarya. Tsohon Kudan ka je wa?"

Ya tsaya ya gyara igiya, sa'an nan ya ce, "Shekara biyar ina wajen doki ina shaƙar ƙamshi. Akwai inda yake juyawa, daga na ɗanyen rake ya koma wani iri. Na lura duk sa'ad da ya juya sai ka ɗaga kafaɗa, kafin doki ya zagaya sau goma ka sauke. Da na hau kasko sai na riƙa jiran ƙamshin nan, in ƙirga zagayen doki. Kafaɗarka ce ta koya mini, Yaya."

Ya faɗa ne kamar mai godiya. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na sauka daga jakin na shige. Ko a lokacin ba kunya kaɗai na ji ba. Na ji haushin cewa abin da na yi rani biyu ina ɗebo wa tsoho ruwa kafin in samu, shi da hanci ya ɗauke shi yana wasa da doki.

Sauƙi ya zo a hankali. Mako na shida yatsu suka daina tsiyaya. Inna takan leƙo ta gan ni ina wurwura hannu a tsakar gida ta ce ashe Nasara rawa yake koya wa mutane. Mako na bakwai na sallame salla da wuyana kaɗai, dama da hagu, har na yi ƙwalla. Na koma cin tuwon sashen Yusha'u ba tare da na faɗi dalilin bari ba, shi ma bai tambaya ba.

Ranar kasuwar Makarfi na ce zan bi shi. Muka ɗora kaya a jakuna uku, duk dahuwarsa, babu curi ɗaya da hannuna ya taɓa. Malam Iro, dillalin da muke sauke wa kaya tun zamanin mahaifinmu, ya taso ya riƙe hannuna, muka gaisa har muka gaji.

Ya ce, "Tanimu, sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ne. Yusha'u yana ta ba mu labari, wai kana kwance ma sai an kawo maka ƙwarya ka murza kafin a sauke, shi juyawa kawai yake yi. To ni dai in faɗa maka gaskiya, ba ka taɓa yin irin ta bana ba. Mutanen Kano tun kafin ku iso suke jira. Ko ciwon ne ya ƙara maka ido?"

Mutanen rumfa suka yi dariya. Na ɗauki curi ɗaya na ɓantara na sa a baki, karo na farko. Ja ce garau, ba yashi, ba ɗaci ko kaɗan, tana narkewa tun kafin a tauna. Na dubi Yusha'u. Ya sunkuya yana kwance igiyar mangala, bai ɗago ba. Kalma huɗu ko biyar ta ishe ni in gyara zancen. Na haɗiye na ce, "Alhamdu lillahi, Malam Iro." Ban ƙara komai ba.

Mun ɗaga murhu, mun sassaƙa doguwar muciya, muna karɓa-karɓa har yau. Amma suna bai canza ba, "ta Tanimun Likoro" ake cewa, Yusha'u kuma bai taɓa ɗaga zancen ba ko da wasa. Shekara goma sha wani abu ke nan.

Shawarata ga mai ciwo tsakanin kafaɗu ita ce, in akwai tari, ko jini, ko rama, ko ɗaurewar ƙirji, kada ya tsaya ƙaho da saiwa, ya tafi asibiti ya jure layi. Kada ya bar kowa ya sa masa gwiwa a baya. In kuma ba ko ɗaya, ya dubi yadda yake tsayawa wurin aikinsa, ya dubi tsawon abin da yake riƙewa, sa'an nan ya tambayi kansa tsakani da Allah me ya sa yake tsayawa haka. Mai ce masa aike ne aka yi masa kuwa, ya ba shi goro ya raka shi ƙofa.

Ba zan ce na warke daga kishin ba. Ko jiya da na ga jikokin Goggo sun wuce ni sun rungume Yusha'u, na ji abin ya motsa. Yusha'u bai iya boko ba, Malam Iro ma haka, ga shi ya tsufa ido ya yi rauni. Saboda haka na yi niyya ranar kasuwa mai zuwa zan tafi da wannan takarda rumfarsa in karanta da bakina, Yusha'u yana tsaye. Tun ɗazu nake juya fensir a kan layin ƙarshe, har wurin nan na kafaɗa ya fara yi mini zafi, amma ga shi: mazarƙwailar shekarar da na kwanta ta Yusha'u ce, ban murza ƙwarya ko sau ɗaya ba, ban koya masa komai ba, kuma ta fi tawa.